Kafin a ce mini in yi haƙuri

Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a ɗakin yara lokacin da mashaƙo ya shigo Kano. Na ga ƙyanda, na ga amai da gudawa na damina, na ga watan Afrilun 2020 da korona ta sa muke tsoron komawa gida wajen 'ya'yanmu. Don haka da aka fara maganar yara masu ciwon maƙogwaro da kumburin wuya a ƙarshen 2022, ban ɗauka wani abu ne da zai fi ƙarfina ba. Cuta ce da muka karanta a makarantar koyon jinya, muka amsa tambayarta a jarrabawa, amma da yawanmu ba mu taɓa ganinta da ido ba, saboda allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako 6 da 10 da 14 tana kare ta. Sai ga ta ta dawo kan yaran da ba a yi wa allurar ba, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu ita.

A daminar 2023 abin ya kai maƙura. Yaro zai zo da ɗan zazzaɓi, wuya ya kumbura, in ka haska maƙogwaronsa sai ka ga wani tantani mai launin toka ya manne, kana taɓawa sai jini. Wasu an riga an bi da su wajen wanzami an cire musu beli kafin a kawo su. Maganin da ke karya dafin cutar, wanda muke kira DAT, ba kullum yake wadatarwa ba, kuma amfaninsa a kan lokaci yake: dafin da ke yawo a jini yake kamawa, wanda ya riga ya shiga tsoka ya wuce shi. Ga shi an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin adaidaita sahu ya ninka. Uwa takan tsaya kwana biyu tana neman kuɗin mota, mu ma kuma da lissafin kuɗin motar muke zuwa aiki.

Akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai. Ta zo numfashi yana sarƙewa, muka yi ta fama, Allah ya sa ta samu DAT, tantanin ya saki, kumburin ya saɓe. A kwana na goma ta zauna da kanta ta ce awara take so. Na yi dariya, uwarta ta yi dariya, na dafa kafaɗar uwar na ce mata, “In sha Allahu jibi kuna gida.” Daren da ya biyo ina duti. Wajen ƙarfe biyu yarinyar ta yi amai, jikinta ya yi sanyi, na kama hannunta na ji bugun zuciya yana tafiya yana tsayawa. Na kira likita, muka sa iska, muka yi duk abin da ke hannunmu. Kafin kiran assalatu ta cika.

Na san dalilin. Dafin mashaƙo yakan taɓa tsokar zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, daidai lokacin da maƙogwaro ya warke kowa ya saki jiki. A littafi na san wannan tun ina ɗaliba. Amma ni ce na ce jibi. Uwar ba ta zarge ni ba. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki kwanukanta, ta tsaya a gabana ta ce, “Sista, Allah ya saka da alheri, kun yi ƙoƙari.” Da zagina ta yi, ina jin da na fi samun inda zan ajiye abin.

Daga nan barci ya ƙaurace mini. In na kwanta sai in ji kamar ina riƙe da wannan hannun ina ƙirga bugu. Nakan tashi tsakar dare in kunna fitilar waya in buɗe bakin ɗana ƙarami ina duba maƙogwaronsa, alhali na san allurarsa ta cika. In adaidaita ta karya kwanar titin asibiti sai gabana ya faɗi. A wurin aiki na daina riƙe sunayen yara, na koma gado na uku, gado na takwas. Wata rana na daka wa wata uwa tsawa don ta tambaye ni abu ɗaya sau uku, ta yi shiru ta sunkuyar da kai, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ji komai ba a lokacin. Maigidana mutumin kirki ne. Na fara ba shi labarin yarinyar, kafin in kai tsakiya ya ce, “Ki yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare, ba ke kike rayawa ba.” Gaskiya ya faɗa, ba ni da abin musu. Sai dai daga nan babu sauran hanyar ci gaba da magana. Na ce haka ne, na tashi na ɗora tukunya.

Wadda ta gane ni wata babbar nas ce da duk muke kira Anti, saura mata shekaru kaɗan ta yi ritaya. Ta same ni a sito ina tsaye da ledar ƙarin ruwa a hannu, na manta abin da ya kawo ni. Ba ta ce lafiya ba, don ta san amsar lafiya ita ce lafiya lau. Cewa ta yi, “Ƙanwata, yaushe rabonki da barci?”

Na ce, “Anti, ina yi.”

Ta ce, “Awa nawa jiya?”

Na rasa amsa. Ta jawo ƙofa, ta zauna a kan katan, ta ce ita ma mako uku ke nan da maganin barci take kwanciya, kuma ta lura aƙalla mu huɗu ne a ɗakin nan muke yawo kamar an zare mana laka. Ta ce ba za ta yiwu kowa ya ci gaba da ɗaukar nasa shi kaɗai ba.

Gwajin farko bai yi ba. Anti ta kai wa Metiron magana, ita kuma da kyakkyawar niyya ta tara mu a ofis, mu goma sha huɗu, manya a kujera, ƙanana a tsaye. Ta ce kowa ya faɗi damuwarsa. Wa zai ce ba ya barci a gaban wadda ke rubuta masa rahoton ƙarin girma? Aka yi maganar jadawalin duti, aka yi ta alawus, aka yi ta ƙarancin safar hannu. Duk gaskiya ne, amma ba su suka hana mu barci ba. Aka rufe da addu'a aka watse, kowa da kayansa a ƙirji.

Anti ta sake dabara. Ta ce mu kafa adashi, mu shida, zubi ranar Alhamis bayan an miƙa dutin safe. Adashin na gaske ne, muna zubawa muna kwasa har yau. Amma ya ba matan aure a cikinmu dalilin da za su faɗa a gida na daɗewar minti arba'in, ya kuma hana a riƙa tambayar me waɗannan suke ƙullawa a ɗakin canza kaya. Metiron ta san abin da ake yi, ta kuma yarda ba za ta shigo ba. Ina ganin wannan yardar tata na cikin manyan taimakon da aka yi mana.

A zama na farko muka yi kuskuren da har yanzu nake jin nauyinsa. Mun ɗauka magani shi ne kowa ya amayar da komai, sai muka ce a zagaya, kowace ta ba da labarin mafi munin abin da ta gani, dalla-dalla. Da aka zo kan ƙaramarmu, wadda ba ta cika shekara da fara aiki ba, ta ce ba ta shirya ba. Muka matsa mata, wai ta faɗa za ta ji sauƙi. Ta fara, muryarta ta karye, ta tashi ta fita. Kwana biyu ba ta zo aiki ba.

Wannan ya sa Anti ta nemo wani ɗan ajinsu na makarantar jinya, wanda ya ƙware a jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa. Malam muke ce masa. Ya zo mana Asabar biyu, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Da muka ba shi labarin abin da ya faru bai yi mana faɗa ba, ya ce da yawa daga nan suke farawa, har a ƙasashen waje an daɗe ana yin haka kafin a gane tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya firgita shi ba ya warkarwa, wani ma ƙara masa yake yi. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta sun fitar da jagorar taimakon farko ga wanda hankalinsa ya tashi a 2011, kuma ginshiƙanta uku ne: duba, saurara, haɗa. Ka duba halin da mutum yake ciki da abin da yake buƙata yanzu, ko da ruwan sha ne. Ka saurare shi in yana son magana, in ba ya so ka zauna kusa da shi. Sannan ka haɗa shi da abin da zai taimake shi, ko danginsa ne, ko hutu, ko likita. Ya ce, “'Yan'uwa, ku ba likitocin juna ba ne. Ku abokan aiki ne da suka tsaya a bakin gado ɗaya. Darajarku ke nan, iyakarku ke nan kuma.”

Shi ne ya sa wa abin da nake ji suna. Ya ce a 2019 hukumar ta bayyana wannan gajiyar, da ake kira burnout a Turance, a kundinta na rarrabe cututtuka, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, kuma alamunta uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya bushe, sannan ya riƙa jin aikinsa ba ya tsinana komai. Da ya zo kan ta biyun na tuna matar da na daka wa tsawa. Duk tsawon makonnin nan na ɗauka halina ne ya lalace, na zama irin nas ɗin da mutane ke kuka da ita a gari. Ya kuma ba mu labarin wani likita a Amurka, Albert Wu, wanda a 2000 ya rubuta cewa in abu ya ɓaci a jinya, bayan mara lafiya da danginsa akwai mutum na biyu da abin ke raunatawa, wato ma'aikacin da abin ya faru a hannunsa. A asibitin Johns Hopkins inda yake aiki, tun 2011 suke da ma'aikatan da aka horar, waɗanda abokin aiki zai kira dare ko rana in ya shiga irin wannan hali. Muka kalli juna. Mu ba mu da layin waya na musamman, amma kowace tana da lambar kowace.

A bayan wani tsohon katin mara lafiya muka rubuta ƙa'idojinmu. Abin da aka faɗa a ɗakin a ɗakin yake tsayawa, sai fa in rai na cikin haɗari, kuma wannan togaciyar tun ranar farko muka faɗe ta don kada wata ta ce an ci amanarta. Ba a tilasta wa kowa magana. Ba a ambaton sunan mara lafiya. Babu babba babu ƙarama a cikin minti arba'in ɗin nan. Ƙorafin duti da albashi yana da minti goma na ƙarshe, don in aka bar shi a farko shi zai cinye zaman.

Ƙa'idar da ta fi ba mu wuya ita ce ta haƙuri. Malam ya lura duk lokacin da wata ta buɗe baki, kafin ta kai jimla ta uku mun rufe ta da “ki yi haƙuri,” “sai haƙuri,” “Allah ya riga ya tsara.” Ya ce mu gwada jinkirta kalmar har mai magana ta gama, ta yi shiru da kanta. Wata a cikinmu, mai yawan ibada, ranta bai so ba. Ta ce, “Malam, haƙuri umarni ne na Allah. Kada mu zo nan muna koyon raki irin na waɗanda ba su yarda da ƙaddara ba.” Na fahimce ta, domin ni ma tambayar tana raina. An raine mu a kan cewa mai imani ba ya yawan kuka, kuma nas ta ƙwarai ba ta bari a ga hawayenta.

Anti ce ta amsa mata. Ta tuna mana hadisin da ke cikin Bukhari, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake gargara a hannunsa. Idanunsa suka zubar da hawaye, Abdurrahman bin Auf ya ce har kai ma ya Manzon Allah, ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abokiyar aikinmu Kirista, 'yar kudancin Kaduna, ta ce su ma a wajensu an rubuta Yesu ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru. Ba wanda ya ce a daina haƙuri. Abin da muka gano shi ne sau da yawa ba don mai kuka muke gaggawar faɗinsa ba, don kanmu ne, saboda sauraron yana mana nauyi muna so a rufe maganar. Mai ibadar nan ta yi shiru ta ce za ta gwada. Daga baya ita ta fi kowa iya sauraro, takan riƙe carbinta ta kafe ki da ido har ki gama.

Ƙaramarmu ta dawo bayan Anti ta je har gidansu ta ba ta haƙuri a madadinmu. Zama uku tana zuwa ba ta cewa komai, ba wanda ya tambaye ta.

Ni sai a zama na huɗu na iya. Na fara da awara. Na faɗi dariyar uwar, na faɗi jibi, na faɗi ƙarfe biyu, na faɗi tabarma da kwanuka da godiyar da ta yi mini. Na faɗi fitilar waya da maƙogwaron ɗana, abin da ko maigidana bai sani ba. Ina gani bakin mutum biyu yana motsi da kalmar nan suna haɗiye ta. Da na gama ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar janareta daga waje. Ban taɓa sanin shiru zai iya zama kamar an riƙe mutum ba sai ranar.

Wadda ta fara magana ƙaramar nan ce. Ta ce, “Anti, ni ma ƙanena nake dubawa. Kullum.” Karo na farko ke nan da muka ji muryarta a zaman tun dawowarta.

Sai babbar Anti ta ce mini, “Ƙanwata, abin da idonki ya gani ranar kika faɗa wa uwar. Ba ƙarya kika yi mata ba. Ni ma na ga yarinyar da safen nan, da ni ta tambaya haka zan ce.” Wannan maganar daga bakin wani ba za ta shige ni ba. Maigidana zai iya cewa ba laifina ba ne saboda yana sona. Anti kuwa ta san abin da ke rubuce a foldar, ta san alluran da aka yi da lokacin da aka yi su, ta san da akwai sakaci da ta gani. Daga nan maganar ta juya kan abin da za mu riƙa gaya wa iyaye. Muka yarda mu daina yanke rana. Mu ce maƙogwaro ya yi kyau alhamdulillahi, amma cutar nan tana iya taɓa zuciya da jijiyoyi bayan makonni, don haka ko an sallame ku, in yaro ya yi laushi, ko yana amai, ko muryarsa ta koma ta hanci, ko ruwa yana dawowa ta hancinsa in ya sha, a dawo da shi nan take. Likitan ɗakin ya ji muna faɗin haka ya ce a ci gaba. A daren nan na yi barcin awa biyar a jere.

Zaman mako-mako bai isa ba, domin mutuwa ba ta jiran Alhamis. Sai muka raba kanmu biyu-biyu. In abu mai nauyi ya faru a dutinki, abokiyarki za ta kira ki kafin kwana ɗaya ya cika, kira na murya, ba saƙo ba. Tambayoyinta uku ne: kin ci abinci, kin yi barci, me ya tsaya miki a rai. In kin ce ba kya son magana, za ta ce to, gobe zan sake kira. Zauren WhatsApp da muka buɗe na sanar da lokaci ne kawai da lissafin adashi, ba a sa labarin mara lafiya, balle hotonsa. Ni aka haɗa da ƙaramar nan.

Wata na biyu muka gane mun manta da mutum. Akwai atanda, dattijuwa, wadda ita ke naɗe yaran da suka rasu, ta wanke gadon, ta shimfiɗa wa na gaba. Mu mukan rubuta lokacin rasuwa mu wuce gado na gaba, ita ce hannunta ke zama na ƙarshe a jikin yaron. Ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take kwana. Da muka gayyace ta ta ce, “Ni kuma Sista, me zan ce a cikin masu ilimi?” Ta zo dai, ta ƙi hawa benci, ta zauna a ƙasa. Mako na gaba Anti ta zo da babbar tabarma, aka jingine bencin, kowa ya sauko. Ranar da Baba ta yi magana, don haka muke kiranta, ta ce tana ƙirga su, kuma in ta koma gida takan yi wa kowane addu'a da kalar rigarsa tunda ba ta san sunayensu ba. Na daɗe ina tunanin wannan, ni da na san sunayen na koma kiran lambar gado.

Maza ba su shigo namu ba, kuma ba mu matsa ba. Biyu daga cikin nas-nas maza suka ji labari suka fara nasu a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Wani ƙaramin likita ya taɓa tare ni a baranda ya ce, “Sista, wai me kuke tambayar juna ne?” Na faɗa masa tambayoyin uku, ya rubuta a bayan takardar magani.

Ranar da togaciyar nan ta yi aiki ita ce mafi wuya. Ɗaya daga cikinmu, mace mai fara'a da kowa ke so, ta ce a zama cikin murya ƙasa-ƙasa ita kam ta gaji, da za ta kwanta kada ta farka da ta huta. Da can da mun ce subhanallahi, daina faɗin haka, mu wuce. Malam ya riga ya gaya mana tambayar mutum kai tsaye ba ta cusa masa tunanin da ba shi da shi. Bayan an tashi, Anti da abokiyar kiranta suka tsaya da ita. Anti ta ce, “'Yata, ki gaya mini gaskiya, kina tunanin kashe kanki?” Ta fashe da kuka. Ashe ta fi wata tana haɗa maganin barci daga kemis, kullum tana ƙara yawan wanda take sha, kuma tunanin ya fara zuwar mata. Da aka ce sai ta ga likitan ƙwaƙwalwa ta ce, “Dawanau za ku kai ni? A ce nas ta haukace? Wa zai sake ba ni ɗansa?”

Duk wanda ya tashi a Kano ya san nauyin da aka ɗora wa sunan nan a baki, alhali asibiti ne kamar kowane, mutane suna zuwa su karɓi magani su koma harkokinsu. A watan Janairun wannan shekarar ta 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, amma doka ba ta kankare kunya a dare ɗaya. Ba a bar ta ita kaɗai ba a daren, da yardarta aka kira yayarta. Washegari Malam ya haɗa ta da likita, abokiyar kiranta ta raka ta cikin kayan gida, suka zauna a layi tare. An ce ciwon damuwa ne mai tsanani, aka ɗora ta a kan magani, aka rubuta mata hutu. Bayan makonni ta dawo aiki. A ɗakinmu, in ban da mu da ke kan tabarmar, ba wanda ya san inda ta je, kuma da izininta nake faɗin wannan, bayan na sauya abin da zai sa a gane ta.

Zaman Alhamis bai ƙara mana ma'aikata ba. Bai kawo DAT ba, bai cika tukunyar iska ba, bai rage kuɗin adaidaita ba. Ina jin zafi in na ji ana maganar irin wannan taimakon juna kamar shi ne zai maye gurbin ɗaukar ma'aikata da biyansu haƙƙinsu, domin nas ɗaya a kan yara fiye da ashirin da dare za ta karye ko da duk duniya na sauraronta. Abin da minti goman ƙarshe ya haifar shi ne takarda ɗaya da muka sa wa hannu tare, muna roƙon a rage yawan dutin dare a jere ga waɗanda ke ɗakin keɓewa, a riƙa juya mu da sauran ɗakuna. An amsa rabi. Rabin ma ya yi amfani.

Mashaƙo ya lafa bayan an yi ta zagayen rigakafi a unguwanni da makarantu, ko da yake bai ɗauke gaba ɗaya ba. Biyu daga cikinmu suka tafi, ɗaya Saudiyya, ɗaya Ingila, kuma ban ga laifinsu ba. Da azumin 2024 ya kama a watan Maris, ga zafi ga girkin buɗa-baki, zaman ya mutu, har bayan Sallah ba wanda ya tayar da maganar. Baba ce ta tare ni wata Laraba ta ce, “Sista, tabarmar nan tana nan a bayan kabad, ƙura ta rufe ta.” Washegari muka kakkaɓe ta. Anti ta yi ritaya, ta bar mini katin ƙa'idojin, rubutun ya fara dusashewa na sake kwafe shi.

A daminar da ta biyo, lokacin da ɗakin ya cika da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, abokiyar kirana ta rasa yara biyu a dare ɗaya. Na ji labari wajen miƙa aiki. Na bari ta isa gida, bayan la'asar na kira.

“Ƙanwata, kin ci abinci?”

“Na sha kunu, Anti.”

“Barci fa?”

“Na kwanta dai.”

“Me ya tsaya miki?”

Ta yi shiru har na duba wayar ko ta katse. Sai ta fara. Na biyun ne, ta ce, wanda ta sha wuya kafin ta samu jijiyarsa, ta samu kuma, jinin da za a ƙara masa yana hanya. Ta yi magana kusan minti ashirin. Ina zaune a bakin gado, ɗana yana jan zanena, kalmar tana zuwa bakina ina mayar da ita. Da ta gama na ji ta ja numfashi, ta share hanci.

Ta ce, “To Anti, na gama. Yanzu ki ce mini in yi haƙuri.”

Na ce, “Ki yi haƙuri, ƙanwata. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu dangana. Gobe dutin me kike?”

Ta ce na yamma. Na ce zan jira ta a ɗakin canza kaya kafin in tafi, zan zo mata da ɗanwake.